Zuwa Ga Bawana Bakano: Damina Ta Ƙarato

Alhaji na Kwari, gaisuwa daga ubangidanka na Zazzau. Ina gajiyar ƙirga kuɗi?

Ni fa ban taɓa ganin mai karanta fuskar mutum irin Bakano ba. Mai saye na tafe tun daga bakin layi, ka riga ka auna aljihunsa ta takalminsa. Wanda ya tsawaita gaisuwa har ya tambayi lafiyar kakarka, ka san bashi ya zo ci. Ɗan siyasa ya fara zuwa jana'izar unguwa, ka ce zaɓe ya matso. Tireloli suka yi layi a Dawanau, kafin la'asar ka ƙara wa kwanon gero kuɗi. Wannan kam na sallama maka.

To amma don Allah yaushe rabonka da ɗaga kai sama? Shamuwa ta baro kudancin Afirka ta sauka, tana ta jidar ƙirare a kan tsamiya da kuka, ko yaron ƙauye ya san ma'anar hakan. Gawo, wanda ya sha ganyensa kore shar duk rani, ya fara kaɗe shi, don shi da damina hannun riga suke. Iskar hunturu ta kwanta, ta kudu maso yamma ta taso da danshi, zufa ta hana barci. Tururuwa na kwashe ƙwai zuwa tudu. Hukumar NiMet ma tun farkon shekara take fitar da hasashenta, ga masanan noma nan a Samaru suna ta bayani. Da yake ruwa kan riga sauka a wajenmu kafin ya iso muku, kyauta muke aiko muku da labari, kai kuwa abin da ba a yi cinikinsa ba ba ka yarda da ingancinsa.

Abin dariyar, mujiya ta yi kuka a kan soronka, ka kwana kana tofi. Kwatar ƙofar gidanka kuwa ta cika da ledar fiya wata, Jakara ta toshe, katanga ta tsage har ƙadangare na shiga da fita, kana wucewa kana danna kalkuleta. Da aka kafa shago a kan hanyar ruwa, lissafin haya kawai ka yi. A watan Agustan 2022 ruwa ya shiga Kwari ya yi wa atamfa da shadda wankan da ba ku biya ba, Allah Ya mayar da alheri. Ruwa ba ya tsami banza, Alhaji.

Saboda haka ka ɗauki shebur ka yashe kwata tun hadari bai haɗo daga gabas ba. In kuma ƙarfin ya ƙare a ƙirga 'yan dubu-dubu, ka aiko a turo maka yaran Zazzau su yi maka. Sai dai mun san halinka: kuɗi hannu, ba ragi.

Naka,
Ubangidanka na gindin Kufena