Babur Mai Nauyin Buhun Masara Uku

Milwaukee, Amurka

Zuwa ga taubashi, tsohon sarkin 'yan acaɓa,

Ni, ubangidanka, ina nan ƙalau, sai sanyi da ya fara kunno kai. Saƙonka na a aiko maka da babur ya iso, kuma ka taki sa'a, don a garin nan aka kafa kamfanin Harley-Davidson a 1903.

Wani dattijo a unguwar nan ya turo Harley ɗinsa bakin gareji ya rataya masa takardar sayarwa. Samfurin Fat Boy ne na 2003, ƙanin wanda Arnold Schwarzenegger ya hau a fim ɗin Terminator 2. Injinsa cc 1,450 ne, Boxer ɗinka kuwa 100. Maimakon sarƙa, bel ke juya tayar baya. Kujerarsa tana ƙasa-ƙasa, mahayi ya miƙa ƙafafu gaba ya zauna zaman ƙasaita. Nauyinsa ya haura kilo 300, wato buhun masara uku. In ya kayar da kai a Kurna, sai an kira majiya ƙarfi daga Kasuwar Dawanau kafin a zaro ka.

Dattijon ya ce gwiwa ce ta gaji. Ga shi kuma dusar ƙanƙara na kulle babura a gareji wata da watanni, don haka mai sayarwa a wannan lokaci yakan sassauta. Yana goge tankin yana faɗin kuɗin, idonsa ya ciko.

Irinsa suna da yawa, kuma abin da ke damun kamfanin ke nan. Masu sayen manyan babura sun manyanta, samari kuwa suna ganin tsadar sabo, ga na hannu birjik. A 2018 Tarayyar Turai ta ɗaga harajin baburan Amurka daga kashi 6 zuwa 31 cikin ɗari, har kamfanin ya ce zai mayar da wani sashe na ƙirarsa ƙasashen waje. A 1994 ya nemi a yi masa rajistar rugugin injinsa, ya haƙura a 2000, sai ga shi a 2019 ya fito da LiveWire mai lantarki, wanda ba ya rugugin ko kaɗan.

Labarin da zai sa ka fasa kai yana Indiya. A 2020 Harley ya rufe masana'antarsa ta can, ya haɗa hannu da kamfanin Hero, mai sayar muku da baburan Hunter a Najeriya. A 2023 suka fito da X440, ƙaramin babur mai silinda ɗaya. Manya sun gangaro layinku, taubashi.

Saboda haka ubangidanka ya yanke hukunci: Fat Boy zai zauna a nan jihar Wisconsin. Kuɗin jirgin ruwa da na kwastan sun isa su ƙara maka wani Boxer ɗin, bakaniken bakin layinku bai taɓa kwance irin injinsa ba, kuma tun 2013 gwamnatin Kano ta hana acaɓa, balle ka ce fasinja zai mayar maka da kuɗin mai.

Ka gaishe da Gwaggo, ka ce maganin ƙafarta yana hanya. Kuɗin shara kuwa na bana da na bara, a damƙa wa Baba kafin wata ya mutu.

Naka,
Ɗan kawunka