Babarbare Zai Auna Tudu

Bawana Babarbare! Labari ya iso mu har Gembu cewa ka sayi keke mai giya ba adadi, ka samo wando mai matse cinya da hular kwano, yanzu kuma kana bin jama'a da tambayar wace na'urar auna hawa ce ta fi. Tsakaninka da Allah, wane hawa? Maiduguri tana wajen mita 320 sama da teku, Tafkin Chadi kuma wajen mita 280. Ka tashi daga Yerwa, wato Maidugurin, ka tuƙa har Baga, tafiyar kusan kilomita 200, duk gangaren da za ka yi bai wuce mita 40 ba. Ƙasa ce Allah ya shimfiɗa muku kamar tabarmar sallah, ku kuma kun ce sai kun nemo mata ƙusumbi.

Amma ubangida na kirki ba ya zuba ido bawansa ya ƙona kuɗi. Matso in karanta maka.

Na'urorin nan iri biyu ne. Akwai mai dogara da GPS kaɗai, irin abin da wayoyi da yawa da agoguna masu araha suke yi. Ita wannan ta iya nuna inda kake a kan taswira, amma in aka zo ga tsayi sai ta fara kame-kame, don taurarin ɗan'adam da take sauraro duk a samanta suke, babu ko ɗaya a ƙarƙashinta da zai daidaita lissafin. Yanzu ta ce ka hau mita 5, an jima ta ce ka sauka 7, alhali kana kan kwalta miƙaƙƙiya. Shi kuwa lissafin hawa tarawa ake yi: duk ɗan tashi sai an ƙara shi a kan na baya, ba a cire saukar. Ka zaga gari awa biyu, ka dawo ta ba ka ɗaruruwan mitoci da ƙafarka ba ta san da su ba. Na san wannan ce za ta fi kwanta maka a rai, don Babarbare da kirari ba a shiga tsakaninsu.

Ta biyun tana auna nauyin iska ne. Dabarar tsohuwa ce: tun 1648 Pascal ya sa surukinsa ya hau dutsen Puy de Dôme a Faransa da ma'aunin iska, aka ga yana raguwa gwargwadon hawa. A ƙasa-ƙasa irin taku, duk hawan mita 8 ko 9 yana rage nauyin iska da miliba 1. Yawancin Garmin Edge da Wahoo Elemnt da ake ɗaurawa a kan kan keke suna da wannan, kuma ita ce ke jin ƙaramin tudu da gaske. In za ka saya, ita za ka saya, wadda ta haɗa ma'aunin iska da GPS ɗin. Duba kwalin da kyau kafin ka biya, kar mai shago ya ga zanen fuskarka ya gane ka.

To amma ga inda abin zai ba ka kunya. Iska ba ta zama wuri ɗaya. A ƙasashenmu masu zafi nauyinta yana hawa da sauka sau biyu kullum: ya yi sama wajen ƙarfe goma na safe, ya yi ƙasa wajen huɗu na yamma, bambancin kan kai miliba 2 ko 3. Wato ka jingine keken a gindin dogonyaro da hantsi, ka kishingiɗa ka cika ciki da burabusko, la'asar na yi na'urar ta shaida cewa ka hau mita 20 da wani abu. Rabin tudun da ke tsakaninku da Baga ke nan, kana minshari. In hadari ya taso kuwa, sai yadda ta ga dama. A nan Mambila, inda muke zaune wajen mita 1,600, kuskuren mita 20 ba a ko waiwayarsa. A wurinku shi ne labarin duka.

Saboda haka kafin ka fita, ka sa mata tsayin ƙofar gidanka da hannu, ka bar ta ta ɗan sha iskar waje, kar ka fito da ita daga ɗaki mai sanyi kai tsaye cikin ranar Afrilu, don zafi ma yana ruɗa ta. Akwai kuma wata 'yar huda a bayanta inda iska ke shiga. Ƙurar hunturu da ke taso muku daga Bodele ta Chadi in ta haɗu da gumi sai ta toshe ta. A wanke da ruwa a hankali. Ban da allura, ban da tsinken sakace, na san halinka.

Sai maganar abin hawa. Kuna da Tudun Bama, tsohon bakin Tafkin Chadi na zamanin da, wanda ya ratsa ta Maiduguri, amma ko akuyata ba za ta kira shi tudu ba. Kuna da gadar sama ta Kwastam. Masu keke a duniya suna da wata gasa: mutum ya yi ta hawa da sauka a tudu ɗaya har jimillar ta kai mita 8,848, tsayin dutsen Ebarest. Mu ƙaddara gadar taku mita 8 ce, sai ka hau ta sau 1,106, in masu Keke Napep sun bar ka da rai.

Da za ka ji shawarata, abin auna bugun zuciya ya fi maka amfani, don abokin gabarka iskar gabas ce da yashi, kuma na'urar hawa ba ta san da su ba. In kuwa ka nace, ɗora keken a mota ka zo Mayo Selbe, gindin hawan Mambila. Zan sa yaro ya biyo ka da jaki da ƙwaryar nono, don na san tun kafin kwana ta uku keken ne zai hau ka.