Bitar Illolin Waya

Jarabawar WAEC ta ƙarato, 'yan aji shida sun duƙufa bitar adon harshe, nassin kuma kan illolin wayar hannu ne. Malam ya ce a nemo mutuntarwa, nan take aka cafko inda waya ta sace wa matasa barci. Kambamar zulaƙe ma ba ta ba da wuya ba, tunda marubucin ya rantse Facebook ya kashe zumunci murus. Da aka zo auna hujja, wata ɗaliba ta tambaya ina shaidarsa. Malam ya ce ta duba sakin layi na uku.

"Malam, ai hoton da ka turo mana ta WhatsApp a na biyu ya tsaya."