Ayarku Ta Riga Ku Zuwa Turai

Tun ranar da na sauka a tashar Madarunfa da jakar goyon nan tawa mai kama da buhun gero, ban huta da bakinku ba. A fada an ce koro ni aka yi. A bakin kasuwa an ce ban wuce Agadas ba, wai can na laɓe wata 9 ina tallan ruwan sanyi, na dawo ina karya harshe. Gwaggota ma da na je gaishe ta, sai da ta leƙa bayana ko za ta ga mota, da ba ta ga komai ba sai ƙurar kabu-kabu, ta ce, "To ɗan nan, wata 9 ko mace ta haihu. Kai me ka haifo?" Na ce, "Harshe na samo, Gwaggo." Ta ce, "Wanda ka tafi da shi me ya same shi?"

To yau zan biya ku bashinku ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya ga dama ya yarda, wanda bai ga dama ba ya ƙara sukari a shayinsa ya gyara zama, don ba zan rantse wa kowa ba.

Bari in fara da kai, mai shayin fadarmu, kai da ka ce Sifaniya ba ta da wani amfani in ban da Real Madrid da Barcelona. Kana iya jero mini 'yan wasa 11 har da na benci, amma ayar da ake nomawa a jihar Maraɗi, in ta bar hannun dillali, ina ta nufa? Za ka ce Najeriya, kuma ka faɗi rabin gaskiya. Wani kaso nata teku yake bi ya sauka a Balensiya, garin ƙungiyar nan da kake raina wa wasa. A can sunanta chufa, kunun da ake yi da ita kuma horchata, a baki sai ka ce "orcata". Na shekara da shekaru ina auna aya da tiya a gaban mahaifina, kullum tsakaninmu da mai sayen ƙarshe akwai mutum uku, kowa da ladansa. Wata rana na ce zuwa da kai ya fi aike. Na sayar da babur da ɗan maraƙina, na nemi bizar karatu, na sha jira har na fara furfura, sannan na hau jirgin sama. Masu cewa ta hamada na bi, fasfo yana nan, amma sai an wanke hannu za a taɓa shi.

A masaukin da na sauka, ɗakinmu na maza ɗaya ne da gadaje 8, wani a kan wani. Akwai Bajamushe mai minshari kamar injin niƙa, akwai samari biyu 'yan Amurka, a ɗakin mata kuma akwai wata 'yar Koriya da muke aji ɗaya. Dukkansu 'yan jakar goyo ne, kowa gidansa a bayansa. Ka ga yaron da ubansa ke da abin hannu ya bar katifarsa ya zo yana wanke safa a bahon wanka don ya ji yaren wasu. Ku kun kira wannan yawon banza. Amma yaro ya bar garin nan da allo da buzu da 'yar ƙwarya ya tafi gabas, ya shekara bakwai ba labari, kun ce neman ilimi ya tafi, har kuna yanka masa rago in ya dawo. Ni na yi arewa da jaka, ko kaza ba a fige mini ba.

Ban cika mako biyu ba, daren 19 ga Maris, na ga gari ya kama da wuta. Na suri jakata zan yi ta kaina, mai masaukin ya riƙe ni yana dariya. Ashe bikin Fallas ne: mutum-mutumi ne manya, wasu sun fi bene tsawo, a shekara ana gina su, a dare ɗaya a cinna musu wuta ana tafi. Na ce lalle na zo garin da sai na yi a hankali.

Yanzu ga taubashina Bagobirin Tibiri, wanda ya ce wai mutumin da Faransancin lakwal ya gagara ina shi ina Sifaniyanci. Saurara da kyau, in kunnen zai ɗauka. Wasulansu biyar ne cif, a, e, i, o, u, kamar namu, kuma yadda aka rubuta haka ake faɗa, ba irin Faransanci da za a rubuta haruffa takwas a furta uku ba. Sannan suna da "r" iri biyu, ta pero mai nufin "amma" da ta perro mai nufin kare. Bahaushe ma da "r" biyu ya tashi. Ranar da malamarmu ta zo kan wannan darasi, Bajamushen nan ya yi ta kurkure maƙogwaro har ya yi tari, 'yan Amurka suka naɗe harshe kamar tabarma, ni kuwa na kaɗa mata ita ras, sau ɗaya. Ta ce in sake, aji ya ji. Taubashi, a ranar da kana kusa da na ba ka jakata ka riƙe mini.

Amma ba zan ɓoye muku inda aka gasa mini aya a hannu ba, kuma Faransancin ne ya ja mini. Na shiga kanti neman man shanu, na tuna beurre, na ƙara masa "o" a wutsiya na ce a ba ni burro. Mai kantin ta dube ni sama da ƙasa. Jaki na tambaya. Wata rana kuma malamar ta aiko cewa ba za ta zo ba, tana constipada. Ni da na san ma'anar ɗan'uwan wannan kalma a Faransanci, tausayi ya kama ni, washegari na ƙulla mata filaskon da na taho da shi daga gida, na yi mata bayanin yadda ake jiƙawa, a gaban aji. Ashe mura take yi. Har na bar makarantar, in ta gan ni sai ta ce ga likita.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne kalmomin da na tarar sun riga ni isa. Sukari azúcar, zaitun aceituna, lemo limón. Magajin gari sunansa alcalde, wato alƙalinmu ne ya sauya riga. In za su ce Allah ya sa, sai su ce ojalá, a baki "ohala", da sunan Allah a ciki, mai zuwa coci da marar zuwa duk suna faɗa. Ranar da na ji ana ta ambaton fulano, na waiga ina neman shanun, ashe "wane" suke nufi. Duk daga Larabci, domin Musulmi sun yi mulki a sassan ƙasar tun daga 711 har zuwa 1492, Balensiya kanta tana hannunsu sai a 1238 ta fita.

Bayan wata uku na ga harshe ya ɗan nuna, na hau jirgin ƙasa na cikin gari zuwa Alboraya, 'yan mintuna kaɗan, inda gonakin aya suke. Na samu wasu tsofaffi biyu a bakin gona, na yi musu gaisuwa mai kyau irin ta littafi. Suka amsa, suka juya suka ci gaba da hirarsu, ban tsinci ko kalma ba. Wani yare ne daban, Balensiyanci. Kamar mutum ne ya sha wahalar koyon Hausa a birni, ya fito ƙauye ya faɗa rugar Fulani. Nan na gane shayi ruwa ne.

A garin na zauna a shago aka kawo mini kofi guda na orcata mai sanyi, da wani dogon burodi mai zaƙi da ake tsomawa, sunansa fartón. Na kurɓa. Jama'a, kunun aya ne. Ba dabino, ba kwakwa, ba citta, ruwa ne da aya da sukari kawai. Da aka kawo takardar kuɗi na ga Yuro 3, na buga lissafi a kan sefa 656, ya tashi kusan jikka 2. Kofi ɗaya. Na tuna yarinyar da ke sayar da shi a ƙulle a leda a bakin tasharmu, na ce Allah sarki. A nan ne na yaba wa aya zaƙinta.

Na koma garin sau da yawa, har watan Nuwamba da suka fara girbi. Su ma sai sun ƙona ciyawar kafin su tono, kamar yadda muke yi, sai dai inda mata da yara ke wuni suna tankaɗe ƙasa da rariya a wurinmu, su inji ne ke yi. Daga nan a wanke, a shimfiɗa a ɗakunan shanya masu iska, ana juyawa har kusan wata 3. Wani mai saye da ya ji daga inda na fito ya ɗebo ayar Afirka a tafin hannunsa, ya tsince tsakuwa biyu ya ajiye a gabana, bai ce komai ba. Daga baya ya gaya mini, da bakinsa, ba tafinta, cewa tsakuwa da danshi ne ke karya mana farashi. Wannan magana da ta bi ta hannun dillalai uku, da ba ta iso gare ni ba, don su ribarsu tana cikin rashin saninmu.

Alaramma, na ga kana girgiza kai, kana cewa me Musulmi zai gani a ƙasar da ake rataye cinyar alade a ƙofar kanti. Gaskiyarka, jimlar da na fara haddacewa ita ce sin cerdo, ban da alade. Amma gafarta Malam, na hau jirgi kimanin awa guda zuwa wani gari da suke rubutawa Xàtiva, mai ganuwa a kan tsauni. Shaɗiba ke nan, mahaifar Imam Shaɗibi, mai Shaɗibiyyar ƙira'a, wanda aka haifa a 1144 ya rasu a Alƙahira a 1194. Mai Alfiyyar da ke cikin gafakarka, Ibnu Malik, ɗan Jayyan ne, ita ma a ƙasar take. Mai Ishiriniyar da muke kwana rerawa a Mauludi, Alfazazi, mutumin Andalus ne. Ashe littattafansu sun daɗe a zaurenka, ayarmu ta daɗe a kofinsu, mu ne kawai ba mu gaisa ba. Mutanen Shaɗiba kuma sun iya riƙo: sarkin da ya ƙona garinsu a 1707, Filibus na Biyar, har yau hotonsa a kife yake rataye a gidan tarihinsu, kai ƙasa. Taubashi, ka yi hankali da naka hoton.

Manoman Jiratawa, ku kuma ga naku. Kowace Alhamis da ƙarfe 12 na rana, a ƙofar babban cocin Balensiya, wakilan magudanan ruwa 8 suna zama da baƙaƙen riguna su yi shari'ar ruwan ban-ruwa. Wane ya buɗe ruwa ba ranarsa ba, wane ya toshe wa maƙwabci. Ba lauya, ba takarda, a nan take a yanke, kuma ba ɗaukaka ƙara. Na tsaya na kalla, kafin shayi ya yi tafasar farko an watse.

Akwai wanda na san ko na dafa littafi ba za ku yarda ba. A garin Bunyol, Larabar ƙarshe ta watan Agusta, manyan motoci ke juye tumatir a titi, mutane su yi awa guda suna jifar juna da shi, kuma sai ka sayi tikiti. Da na ba Gwaggo labari, ta ce tumatirin da muke yankawa mu shanya mu yi kauɗa? Na ce shi. Ta ce to wannan karon ta yarda na je, don hankalina bai kai ya ƙirƙiro irin wannan hauka ba.

Saura wanda ya kashe mini jiki. Kudu da birnin Balensiya akwai tafki mai suna Albufera, daga Larabcin albuhaira, ƙaramin teku. Zurfinsa da kyar ya wuce ƙugu, gonakin shinkafa sun kewaye shi, an mai da shi wurin da doka ta kare tun 1986. Muka je ƙauyen El Palmar da 'yan ajinmu, muka biya kuɗi aka zaga da mu a kwalekwale don kallon faɗuwar rana. Kowa na ta ɗaukar hoto. 'Yar Koriyar nan ta tambaye ni me ake gani a garinmu. Na gyara murya na ce muna da tafki, da masunta, da tsuntsaye, da kaburburan waliyyai 99 a kewayensa, har Nijar ta sa wurin cikin jerin da ta miƙa wa UNESCO a 2006. Ta buɗe baki, ta ce nawa na ziyarta a cikinsu? Sifaniyancina ya ƙare nan take. A bakin tafkin namu aka haife ni, ban taɓa shiga kwalekwale don kallo ba, sai don tsallakawa.

To ku masu dariya, wane ne a cikinku ya fi ni? Daga Maraɗi zuwa nan kilomita 20 ne da 'yan kai, amma akwai wanda ya san hanyar filin wasan Madrid a talabijin, bai san launin ruwan Madarunfa da magariba ba. Na zaune bai ga gari ba, ko da garin nasa ne.

Ban dawo da mota ba, Gwaggo ta faɗa kuma gaskiya ne. Na dawo da lambar mai saye da nake magana da shi kai tsaye, da rariya mai ƙananan ido, da rumfar shanya da na kafa a bayan gida. Mai shakka ya zo ranar Juma'a bayan la'asar ya same ni a bakin tafki, ya taho da tiyar aya tsintacciya. Kunu kyauta ne, kuɗin kwalekwale kuma taubashina zai biya.