Wannan Sai a Ingila

A yammacin birnin Landan, a unguwar Notting Hill, an yi wani lungu da ba ya ɓullewa, sunansa Rillington Place. Gida mai lamba 10 shi ne na ƙarshe a lungun, bene ne mai hawa 3 na 'yan haya, da ɗan fili da ɗakin wanki a bayansa. A 1948 wani direban motar kaya mai suna Timothy Evans ya kama ɗakunan can sama, shi da amaryarsa Beryl. A watan Oktoban shekarar ta haifa masa 'ya mace, aka sa mata Geraldine.

Evans mutumin Wales ne. Ciwon ƙafa ya hana shi zaman makaranta yana yaro, ya girma bai iya karatu ba, sai dai ya rubuta sunansa. Yana da cika baki da shara ƙarya, yana taɓa kwalba, kuma maƙwabta sun sha jin hayaniyarsa da matarsa a kan kuɗin cefane. Irin mutumin nan ne da in aka ce ya aikata wani abu, duk unguwa za ta ce ai dama.

A ƙasan benen kuwa wani dattijo ne, John Christie, da matarsa Ethel. Mai sanƙo ne da tabarau, yana magana ƙasa-ƙasa, ya ce hayaƙi mai guba na Yaƙin Duniya na Ɗaya ne ya taɓa masa maƙogwaro. A yaƙi na biyu ya yi aikin ɗan sandan wucin gadi. In ya yi magana ana saurare.

A 1949 Beryl ta sake samun ciki, ga talauci. Ta ƙuduri zubarwa, abin da dokar ƙasar ta haramta a lokacin. Christie ya ce ya san kan abin, a bar masa. Ran 8 ga Nuwamba Evans ya dawo daga aiki, Christie ya tare shi ya ce aiki ya ɓaci, matarsa ta rasu. Ya tsorata shi da cewa in magana ta fita su biyun za a kama, ya ce shi zai san yadda zai yi da gawar, yarinya kuma akwai wasu mata da miji da za su riƙe ta. Evans ya yarda. Ya sayar da kayan ɗaki, ya tafi wurin danginsa a Wales.

Zuciya ba ta bar shi ya zauna ba. Ran 30 ga Nuwamba ya kai kansa caji ofis a Merthyr Tydfil, ya ce ya jefa gawar matarsa a ramin kwatar ƙofar gida, don ya rufa wa dattijon asiri. Sai da 'yan sanda 3 suka haɗa ƙarfi kafin murfin ramin ya ɗagu, kuma ba komai a ciki. Da aka faɗa masa, sai ya sake bayani, ya ambaci Christie. Ran 2 ga Disamba aka sami gawar Beryl da ta Geraldine a ɗakin wanki, an shaƙe su, yarinyar 'yar wata 13 da laktaye ɗaure a wuyanta. Masu binciken sun yi ta shiga da fita a filin bayan gidan, ba su lura da ƙashin cinyar mutum da aka tokare shinge da shi ba. Ido ba ya ganin abin da zuciya ta riga ta rufe, ai sun sami mai laifi.

Daren nan aka iso da Evans caji ofis na Notting Hill, aka baje masa tufafin matarsa da na 'yarsa a gabansa. Ya ce sai a lokacin ya san 'yarsa ba ta duniya. Kafin gari ya waye akwai takarda ɗauke da sa hannunsa, wai shi ya kashe su. Waɗanda suka yi nazarin takardar daga baya sun ce akwai kalmomi a cikinta da ba irin na bakinsa ba ne, sun fi kama da na mai riƙe da alƙalamin. Ba a ce an dake shi ba. Shi dai ya gaya wa kotu tsoron duka ne da ɗimuwar mutuwar 'yarsa suka sa ya amsa. Akwai kuma magina da suka yi aiki a gidan a kwanakin, suna ajiye kayansu a ɗakin wankin nan bayan ranar da takardar ta ce an sa gawarwakin, ba su ga komai ba. Maganarsu ba ta yi daidai da takardar ba, don haka aka sake kiransu har suka gyara, kuma kotu ba ta ji ainihin abin da suka fara faɗa ba.

An fara shari'a a kotun Old Bailey ran 11 ga Janairu, 1950, a kan kisan yarinyar. Babban mai ba da shaida na gwamnati shi ne Christie. Lauyan Evans ya tono cewa dattijon ya taɓa zaman kurkuku saboda sata da kuma rotsa wa wata mata kai, amma lauyan gwamnati ya tuna wa kotu hidimar da ya yi wa ƙasa a yaƙi biyu. A gefe guda ga tsohon soja, tsohon ɗan sanda, a ɗaya gefen ga jahili da ya riga ya canja magana sau da dama. Kwana 3 aka yi. Mutum 12 da ke taya alƙali yanke hukunci suka keɓe, minti 40 suka fito. Da aka karanta hukuncin kisa, Christie ya fashe da kuka a cikin kotu.

Ran 20 ga Fabrairu aka kori ɗaukaka ƙara. Fayil ya je teburin ministan cikin gida, James Chuter Ede, wanda ke da ikon sassautawa, ya rubuta cewa doka ta yi aikinta. Ran 9 ga Maris, 1950, haunin gwamnati Albert Pierrepoint ya rataye Evans a kurkukun Pentonville, yana da shekara 25, yana nanata cewa Christie ne. Daga ganin gawa zuwa igiya wata 3 ne da mako 1. Masu kukan cewa shari'a tana jan ƙafa, ga irin saurin da suke nema, ba ɗage zama, ba lauyoyin kare haƙƙi masu ɓata wa mutane lokaci.

Kuma kada a ga laifin mutanen Landan da suka ji sanyi a ransu ranar. Wanda ya shaƙe jaririya da hannunsa, in an tabbatar shi ne, ba ni da bakin roƙa masa rai. Sai dai munin laifi ba ya faɗin sunan wanda ya aikata shi. Abin da yake yi shi ne ya tafasa zukata, jama'a su matsa wa hukuma, hukuma ta matsa wa ɗan sanda, ɗan sanda ya danƙe wanda ya fi saukin kamu. Inda bango ya tsage nan ƙadangare yake shiga, kuma a kowane gari tsagar bangon talaka ne marar karatu, marar lauyan kirki, wanda ba a ganin mutuncinsa tun kafin abin ya faru.

Fayil ya rufu, Christie ya koma gida. A Disamba 1952 ya shaƙe matarsa Ethel, ya ɓoye ta ƙarƙashin katakon daɓen falo. Cikin watanni 3 na farkon 1953 ya kashe wasu mata 3, ya cusa su a wani loko na kicin, ya liƙe bakin da takardar ado ta bango, ya bar gidan. Ran 24 ga Maris wani ɗan haya, mutumin Jamaika, yana neman inda zai kafa wa rediyonsa kanta, ya ƙwanƙwasa bango ya ji kogo, ya yage takardar ya haska. Da aka tone filin baya aka sami ƙasusuwan wasu mata 2 da ya kashe tun 1943 da 1944, lokacin da Evans bai ma san gidan ba. Ƙashin cinyar da ke tokare da shinge na ɗayarsu ne.

Nan ne nake so mai son a kashe mai kisa ya tsaya ya yi lissafi, don lissafin nasa ne. Igiyar da ta hau wuyan Evans ita ta wanke Christie. Da an ƙyale tambayar a buɗe, da an saurari maginan nan, da wani ya duƙa ya dubi shinge, wataƙila mata 4 ba su mutu ba.

Da aka kama Christie, ya amsa kashe Beryl, bai amsa na yarinyar ba. An rataye shi ran 15 ga Yuli, 1953, a kurkuku ɗaya, a hannun hauni ɗaya. Sai ka ce nan take gwamnati za ta sunkuyar da kai. Ina! Ministan cikin gida na lokacin, David Maxwell Fyfe, wanda tun 1948 ya shaida wa majalisa cewa rataye marar laifi a Birtaniya abu ne da ba zai yiwu ba, tun kafin a rataye Christie ya naɗa wani babban lauya, John Scott Henderson, ya bincika. Cikin 'yan kwanaki rahoto ya fito: ba a yi kuskure ba, Evans ne ya kashe matarsa da 'yarsa. Wato a yarda cewa masu shaƙe mata biyu sun zauna a gida ɗaya, suna ɓoye gawa a wuri ɗaya, ba wanda ya san da ɗan uwansa. Hukuma ta fi son a ce mata wawuya da a ce ta zubar da jinin banza.

Uwar Evans da 'yan uwansa mata ba su yi shiru ba. 'Yan jarida suka shiga, Ludovic Kennedy ya fitar da littafi a kan shari'ar a 1961. Chuter Ede, wanda ya sa hannu, ya fito da kansa ya ce an yi kuskure, ya bi sahun masu neman a wanke mamacin, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai mulki. A majalisa aka yi ta kai ruwa rana. Masu goyon bayan rataya suna cewa in aka ɗauke igiya mugaye za su yi sakayau. Masu adawa ba sa doguwar magana, sunan Evans kawai suke kira. An yi ratayar ƙarshe a ƙasar a Agusta 1964. A 1965 aka dakatar da hukuncin kisa a kan laifin kisan kai, a 1969 aka tabbatar da sokewar. A Oktoba 1966 aka yi wa Evans afuwar sarauniya, shekara 16 bayan ya shiga ƙasa. Pierrepoint kansa, wanda ya rataye ɗaruruwan mutane, ya rubuta a 1974 cewa bai ga abin da aikinsa ya hana ba, ramuwa ce kawai. Sai a 2004 babbar kotu ta faɗa da bakinta cewa Evans bai kashe matarsa ba, bai kashe 'yarsa ba.

Ban ce Turawa sun yi daidai da suka soke hukuncin gaba ɗaya ba. Mu muna da ƙisasi, kuma ba mu neman izinin kowa a kansa. Amma waɗanda suka koyar da mu ƙisasi su ne suka koyar da mu cewa ana ture haddi da shubuha, cewa amsa laifi a kan tilas ba amsawa ba ce, cewa gara shugaba ya yi kuskure wajen yafewa da ya yi kuskure wajen hukuntawa, kuma sun bar wa magadan mamaci ƙofar diyya da ta afuwa. Wani sahabi, Ma'izu, da ƙafarsa ya zo yana amsa laifinsa, Manzon Allah (SAW) ya yi ta kau da kai, har ya tambaya ko da taɓin hankali a tare da shi. Akwai masu haddace rabin farko na darasin su bar rabin a allo.

To, Allah Ya sa duk wannan a Ingila aka yi. Ban ji wata ƙasa ba inda ake ɗaure wanda ake zargi a rataye shi a sanda a bayan caji ofis har sai ya tuna laifin da bai yi ba. Ban ji inda ake rubuta wa wanda ba ya jin Turanci bayani da Turanci a dangwala masa babban yatsa ba, ko inda ake jera mutane tsirara rabi gaban 'yan jarida, a ɗora musu bindigogi a gaba, a kira su 'yan fashi tun alƙali bai gan su ba. Ban ji inda mai mulki ke zuwa gidan makoki ya rantse zai sa hannu a takardar kisa alhali ba a ko fara sauraron shaidu ba, ko inda ɗan masu hali ke kashe rai fayil ɗinsa ya yi ƙafa, ɗan talaka kuwa ya shekara 10 yana jiran shari'a. Inda babu irin waɗannan, sai a yi ta kiran a gaggauta, ba fargaba.

Wanda kuma yake ganin Landan ta yi masa nisa, ga Ibadan. A 1980 babbar kotun Jihar Oyo ta yanke wa Nasiru Bello hukuncin kisa a kan fashi da makami. Ya ɗaukaka ƙara. Ƙarar tana gaban kotu, ba a saurare ta ba, aka kashe shi a watan Satumba 1981. Iyalinsa suka bi kadi har Kotun Ƙoli, wadda a 1986 ta ce kisan ya saɓa wa doka, ta umarci gwamnatin jihar ta biya su naira 7,400.