Kowa da Bairos Ɗinsa

Duk wanda ya shigo shagon gyaran kwamfuta a titin Beirut ko France Road rungume da laftof, tun kafin ya yi sallama ya riga ya gano cutar: bairos ne. Firinta ta ƙi bugawa, bairos. Batir ya mutu, bairos. Yaro ya tuntsurar da koko a kan madannai, shi ma bairos. Abin da maye yake a ƙauye shi bairos ya zama a wannan sana'a, duk abin da aka rasa dalilinsa shi ake kamawa. Zargin ya fi yawa a lokacin sauyin Windows, kamar lokacin da Microsoft ya janye hannu daga Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025.

Na farkon zuwa shi ne Malam Ban-Taɓa-Komai-Ba. Jiya lafiya lau ya rufe kwamfutarsa, yau da safe ya buɗe ya tarar ta haukace. Injiniya na dubawa sai ya ga an sauke wasan ƙwallo, da manhajar da ta yi alƙawarin data kyauta, da wata da ta rantse za ta ninka saurin kwamfuta sau goma. A nan malam zai tuna yana da ƙane.

Bayansa akwai ɗaliba mai falash, ita kam bairos ɗinta na gaske ne. Falash ɗin nan ya shiga kafe a Sabon Gari, ya shiga wajen mai fotokwafi a bakin makaranta, ya kwana a laftof ɗin ƙawaye uku. Gobe za ta miƙa furojet, ta buɗe ta ga folda-folda duk sun koma 'yan gumaka masu ƙaramar kibiya a gindi. Kuka take, babi biyar sun tafi. Ba su tafi ko'ina ba. Wannan bairos ɓoye fayil yake yi, ya dasa hoton bogi mai sunansa, kana dannawa ya tashi ya shige kwamfutarka ya zauna jiran falash na gaba. Mai gyara zai umarci Windows ta nuna ɓoyayyun fayiloli, ko ya sakar masa Smadav, wannan koren maganin ɗan Indunusiya da kusan kowane shagon buga takardu ke ji da shi. Babi biyar su dawo. Ta yi godiya har da addu'ar iyaye, ta tsallaka titi, ta sake cusa falash ɗin a kafen da ta kwaso cutar.

Shi kuwa Alhaji na Kantin Kwari ba ya zuwa da kansa, aike yake yi a zo. A ƙuryar ofis, bayan dilolin shadda, akwai wata tsohuwar kwamfutar tebur da aka lulluɓe da ƙyallen atamfa saboda ƙura, a cikinta lissafin bashin 'yan Agadas da 'yan Marwa yake. Windows XP ce a kanta, wadda aka daina kula da ita tun 8 ga Afrilu, 2014. Ka ce masa, "Alhaji, ya kamata a ɗaga ta." Ya dube ka sama da ƙasa: "Yaro, ita ta san ni, na san ta. Gyara min linzamin kawai." Ka ba shi labarin WannaCry, wadda a Mayun 2017 ta kulle kwamfutoci a ƙasashe sama da 150, ta tsayar da aiki a asibitocin Ingila, tana neman fansar dala 300, alhali maganinta ya fito tun Maris, mutane ne ba su saka ba. Alhaji ya gyara hula ya ce tasa ba ta hawa intanet. Ni a ganina yana da rabin gaskiya, kuma ya fi da yawa daga masu yi masa dariya hankali, domin manhajar lissafinsa ba lallai ta tashi a sabuwar Windows ba. Ɗaya rabin yana aljihun yaran kanti, waɗanda da zarar ya tafi sallar La'asar suke zura falash ɗin fassarar Indiya-Hausa.

Kishiyarsa shi ne Ɗan Gaggawa. Laftof ɗinsa tokumbo ce, ta gama aikin ofis a Turai kafin ta hau jirgin ruwa, amma ya ga abokinsa da Windows 11, shi ma sai ita. Tun da ta fito a Oktoban 2021 Windows 11 take da sharuɗɗa: ram aƙalla giga 4, wata 'yar na'urar tsaro da ake kira TPM 2.0, da injin da in na Intel ne sai daga zubi na 8 zuwa sama. Tasa zubi na 4 ce. Ya kwana a YouTube ya koyi yadda ake tsallake shingen, ya ɗora, ya yi hoto ya sa a sitatus. Washegari babu sauti, kyamara ta makance, tsohuwar firintar gidansu ta yi kamar ba ta taɓa ganinsa ba. Direbobin da ke haɗa waɗannan kayan da Windows ne ba su dace da sabuwar ba, wasu ma kamfanoninsu sun daina yi musu sabo. Sai ya shigo shago yana huci: "Oga, wani mugun bairos ne ya shigar min." Ana gaya masa cewa Windows na ajiye tsohuwar har kwana 10 don mai son komawa, sai ya ce shi ba ya komawa baya.

Kusa da shi a benci, ga wanda aka ɗauke wa wuta ofdet na kan kashi 63, batir kuma ya rasu tun bara. Wannan ba ya magana. Tagumi kawai.

Mai ɗab'i ya fi kowa surutu, don shi kuɗin mutane ne a wuyansa: katin biki, kalandar Maulidi, fastar ɗan takarar kansila. CorelDraw ɗinsa kirak ce, ta faifan da aka saya a tire. An ɗaga masa Windows, mai gadin da ke cikinta ya leƙa, ya ga fayil ɗin da ya fasa makullin manhajar, ya ɗauke shi ya kulle. Corel ta ƙi tashi. A bakin mai ɗab'i, bairos ya cinye masa Corel. A zahiri mai gadi ne ya kama ɓarawo, ɓarawon kuma na gida ne. Maganin da ake ba shi a kasuwa shi ne a kashe mai gadin gaba ɗaya, daga nan kuma na gaskiyar su shigo su baje. Ga kuma rigimar zubi: mai zane ya ajiye aiki a sabuwar Corel, mai buga faranti yana da tsohuwa, fayil ya ƙi buɗuwa, ɗaurin aure kuma Asabar. Za ka ga magidanta biyu suna rantse-rantse a kan wanda ya sa wa wani cuta.

Wanda na fi tausayi shi ne marubucin Hausa. Tun shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar da salon haruffa na Rabi'at da Abdalla, suka fitar da masu buga littattafai daga wahalar bin ƙ da ɗ da ɓ da biro ana yi musu lanƙwasa. Dabarar ita ce an ari wasu maɓallan da ba a cika amfani da su ba an ɗora musu haruffan. Muddin salon na kan kwamfutar, komai daidai. Ranar da aka yi mata wanka aka manta ba a mayar da shi ba, sai malam ya buɗe littafin da ya shekara yana rubutawa ya ga ƙasa ta koma }asa, ɗaya ta koma ]aya, ɓangare ya koma ~angare, shafi ɗari uku. Ya zo da jajayen idanu yana cewa bairos ɗin nan Hausa kaɗai ya tsana, ga Turancin ciki ko ƙwarzane babu. A mayar da salon, littafi ya warke a minti biyu. A ce masa ya koma rubutu da haruffan Unicode da kowace waya ke karantawa, ya ce sai ya gama wannan littafin tukuna. Haka ya ce a littafin baya.

Ba a rasa Na-Benci, wanda ba shi da kwamfuta, ba ya gyara, amma tun hantsi yana nan. Shi ya san cewa masu sayar da maganin su ke ƙera cutar da daddare. Hujjarsa 19 ga Yuli, 2024, ranar da wani ofdet na kamfanin tsaro CrowdStrike ya durƙusar da kwamfutoci kimanin miliyan 8.5, jirage suka kasa tashi, bankuna suka tsaya. Kuskure ne aka yi a fayil guda, babu bairos ko ɗaya a ciki, amma kada ka gwada faɗa masa. Shi ne kuma ke ba baƙo shawarar ya sa maganin bairos uku a tare, su ukun su kama kokawa da juna, kwamfuta ta koma tafiyar hawainiya.

Masu gyaran ma iri-iri ne. Akwai Injiniya Fomat, wanda bai san wata allura ba sai ita. Sauti ya ɗauke? Fomatin. Kwanan wata ya rikice? Fomatin. Yana da falash guda a wuya da Windows, da Office, da Corel, duk na tire, kuma sai aiki ya kai rabi yake ɗago kai ya ce, "Af, Hajiya, akwai abin da kike so a ciki?" Hotunan aikin Hajji ne da na bikin 'yar fari.

Can cikin lungu kuma akwai dattijon da ya fara tun zamanin faifan fulofi. Ba ya taɓa kwamfuta sai ya tambaya: me aka saka mata a ƙarshe, yaushe ta fara? Ya cire ofdet ɗin jiya, ko ya sauko da direban firinta daga shafin kamfaninta, ko ya gaya wa Windows ta ɗauki tsohuwar manhajar kamar a Windows 7 take. Minti biyar an gama, ba a rasa ko fayil ɗaya ba. Ya ce dubu biyu. Mai kaya, wanda makon jiya ya biya Injiniya Fomat dubu biyar ba ciniki saboda ya ga an yi awa uku ana gumi, sai ya riƙe baki.

"Haba Baba, dubu biyu? Ai a gabana ka yi, ba ka yi komai ba. Ko bairos ɗin ma ba ka nuna min ba."