Makarin Sihiri a Teburin Wasa: Dokoki da Hanyoyin Shan Kunya

Makarin sihiri dabara ce da ɗan wasa ke soke sihirin abokin karawarsa tun bai fara aiki ba. An fi saninta a wasan katin Magic: The Gathering, wanda Richard Garfield ya ƙirƙira, kamfanin Wizards of the Coast na Amurka ya fitar a 1993, sai kuma wasan tebur na Dungeons & Dragons. Dokokinta ba su da yawa, amma kowace da irin kunyar da take jawo wa wanda bai karanta ta ba.

A Magic, sihiri sai an biya shi da mana, wato ƙarfin da katunan ƙasa ke bayarwa. Katin Counterspell mana biyu shuɗaye kacal yake ci. Mutum zai yi zagaye bakwai yana tara ƙasa, ya kira dodonsa yana gyara zama, sai na gabansa ya karkata katunan tsibiri biyu, masu ba da mana shuɗi, ya ce a'a. Dodo ya wuce makabarta, abin da aka kashe a kansa kuma ba a mayarwa. Shi ya sa tsofaffin hannu ba sa kallon fuskar mai katunan shuɗi, tsibiransa suke ƙirgawa.

Tun dokokin 1999, sihirin da aka jefa ba ya aiki nan take. Jira yake a tari kamar kwanukan wanke-wanke, wanda aka ɗora ƙarshe shi ake fara ɗauka. A wannan jiran ne kawai makari ke ci. Sabon shiga yakan bari dodo ya sauka teburi, ya kai masa hari, sannan ya zaro makarinsa da alfahari, a ce masa ya mayar. Katin ƙasa ma ba a karya shi, don ba sihiri ba ne.

Katin Force of Will na 1996 ana iya jefa shi ba tare da mana ba, a biya da rai ɗaya da wani katin shuɗi daga hannu. Akwai kuma katunan da aka rubuta ba a karya su, irin su katin dabbar Carnage Tyrant na 2017. Doka ba ta hana a jefa musu makari ba. Mai gaggawar da ya jefa Force of Will zai yi asarar kati biyu da rai ɗaya, dabbar kuma ta iso lafiya lau.

A bugun Dungeons & Dragons na 2014, Counterspell sihiri ne na mataki na 3. Dole mai makari ya ga mai sihirin, tazararsu kada ta wuce ƙafa 60, kuma martani ɗaya gare shi a zagaye. Sihirin mataki na 3 zuwa ƙasa yana karyewa kai tsaye. Na sama da haka sai an jefa ƙwaya mai fuska 20 an kai 10 haɗe da matakin sihirin.

Makari ma ana karya shi, a nan ne lissafi ke rikicewa. Bokan abokan gaba ya jefo ƙwallon wuta, ɗan ƙungiya ya karya, bokan ya karya makarin, ɗan ƙungiya na biyu ya karya na bokan. Makari uku, wuta na shirin mutuwa. Sai ɗan ƙungiya na uku, wanda tun ɗazu hankalinsa ke kan waya, ya ɗago ya ce shi ma ya karya. Na abokinsa ya karya, wutar kuma ta sauka a kan kowa har da shi.

Bugun 2024 ya sassauta dokar. Yanzu wanda aka kai wa makari shi ke jefa ƙwaya ya gwada juriyar jikinsa. In ya faɗi sihirin ya lalace, amma gurbin sihirin, wato damar jefawar da ya yi niyyar kashewa, yana nan a hannunsa.